Kiwon Gidan Su Mubashir

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan La'asar, Hor Al Anz, Dubai

Alhaji Babba, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka yi haƙuri da ɗawainiyar da zan ɗora wa idanunka. Na san likita ya hana ka dogon karatu, ga shi bokon nawa da girmana na koye shi. Wannan littafi ba don kowa nake rubuta shi ba. Tun rasuwar ƙaninka, maigidana, nake zuba abin da bakina ya kasa faɗa a ciki, in rufe. Yau na sa Ɗalhatu ƙanena ya ɗauki hoton shafukan ya turo maka, ban goge ko kalma ɗaya ba, har wuraren da na ambace ka. Kai ka aike ni binciken gidan yaron da ke neman 'yarka Khairunnisa (na rubuta sunan saboda takarda, 'yar fari ce, ba zan ƙara ba). Na je na dawo. Ga yadda aka yi.

Lahadi, 5 ga Oktoba, hantsi

Bizar Sifaniya ta fito, tawa da ta Ɗalhatu. Na yi ta roƙon Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, a ƙasan raina kuwa ina fatan alherin ya zama a hana mu bizar. Ba a hana ba.

Yaron sunansa na gida Fermín. Da ya musulunta, shekara huɗu ke nan, ya zaɓi Mubashir. Kamfaninsu ɗaya da yarinyar nan, na tace ruwan teku. Limamin unguwarsu ya shaide shi, har ya ce ya fi wasu da aka haifa a ciki zuwa sallar Asuba. Alhaji Babba ya ce a waya daga Kano, "Duk na ji, Safiya. Amma ni ne waliyyi, kuma ba na ba da 'ya gidan da ba a bincika ba, ko a Fagge yake ko a bayan teku. Abu uku za ki gano mini: sana'arsu, zamansu da maƙwabta, da ko akwai wani abu a jinin gidan. Kuma kada su san an zo."

Na ce to. Ni da ban taɓa buɗe ko jakar 'yata ba.

Na tambayi yarinyar nan sana'ar iyayensa. Idonta na kan waya ta ce, "Kiwo suke yi, Umma." Na isar. Alhaji Babba ya yi dariyar da ban ji ba tun kafin rasuwa, ya ce, "Masha Allah! Ashe Fulanin Turai ne."

Talata, 7 ga Oktoba, bayan Azahar

Na gaya wa yarinyar nan zan je Andalus in ga inda Musulmi suka zauna a da. Na juya maganar ta ko'ina, babu ƙarya a cikinta, domin an ce garin su yaron yana da tsohon masallaci, kuma zan gan shi. Ta ce, "Wane gari?" Na ce wani ƙarami. Ta dube ni, ta ce, "Ki tafi da rigar sanyi, Umma, kan dutse ne." Ban ce mata kan dutse ba ne.

Mun shiga kasuwar Naif da Ɗalhatu na sayi rigar. Ya ɗauki hutu daga sitonsu na kayan jirgi a unguwar Al Quoz don ya raka ni, tun daga bakin lungu yake yi mini gori.

"Yaya Safiya, bincike a ɓoye? Da wannan hijabin ruwan goro har ƙasa? A garin mutum ɗari shida?"

Na ce zan sa baƙin.

"Yalla, sa baƙin. Babu wanda zai lura."

Na haɗa dabino, garin kunu, 'yar tukunya, da buta. Ya ce in dai da butar nan za mu bi ta filin jirgi, shi bai san ni ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan La'asar

Mun iso. Jirgi biyu, sannan bas daga birnin da malaminmu na allo yake kira Ishbiliya. Sunan garin dogo ne, Ɗalhatu ya faɗa mini sau uku, na bar masa.

A hanya duk tuddai ne da itatuwa masu faɗin inuwa, a ƙarƙashinsu dabbobi baƙaƙe suna kiwo, ƙosassu, masu gajerun ƙafafu. Tabarauna na cikin akwati. Na ce, "Ɗalhatu, dubi tumakinsu, tubarkalla." Ya ce barci yake ji.

Ƙarfe biyu da rabi bas ta ajiye mu. Gari fari tas, kamar an wanke shi, lunguna na dutse suna hawa suna sauka, kowace taga da tukunyar fure. Amma ko mutum ɗaya babu. Kantuna a rufe, tagogi a rufe, kare ɗaya a kwance bai ko ɗaga kai ba. Na ce, "Inna lillahi, rasuwa aka yi." Na fara tunanin yadda ake yi wa Nasara ta'aziyya. Ɗalhatu ya duba waya ya ce barcin rana suke, kullum haka ne. Gari guda, har da 'yan sanda.

Masauki ɗaya ne a garin, na wata dattijuwa, Amparo. Gajeriya ce, muryarta ta fi jikinta. Tana buɗe ƙofa ta kama fuskata da hannu biyu, ta sumbace ni dama da hagu, ta tsaya tana kallona har idonta ya kawo ruwa. Ta juya kan Ɗalhatu, ya shige bayan akwati. Na ɗauka haka suke yi wa kowane baƙo.

Gidan yana wani ƙamshi-ƙamshi, kamar inda aka daɗe ana ajiye kilishi. Na ce wa Ɗalhatu ya ji daɗin ƙamshin nan kuwa? Ya ce mura yake yi.

Na kira Alhaji Babba. Na ce na ga dabbobin yankin daga nesa, masu ƙiba ne. Ya ce, "Shanu ko tumaki?" Na ce ba su kai shanu tsayi ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, hantsi

Na fara aiki. Ɗalhatu yana yi wa wayarsa Turanci, ita kuma ta faɗa da yarensu, da muryar wata mata mai kamar tana sanarwa a tashar jirgi. Na ga babu wanda ya kai mai masauki sanin gari, sai na zauna kusa da Amparo a tsakar gida tana gyaran wake, na yi ta zagaye. Na yaba furanninta. Na yaba sanyin garin. Sannan na ce, kamar abin ya faɗo mini ne kawai, akwai wani yaro ɗan garin nan a Dubai, Fermín, ko ta san gidansu?

Ta ajiye waken. Ta ce ta sani ƙwarai.

Na ce uwar yaron wace irin mace ce?

Ta yi magana mai tsawo, tana buga ƙirji. Wayar ta ce: "Mafaɗaciya ce. Ba ta iya yin shiru. Ta taɓa jifan magajin gari da takalmi a kan maganar famfo. Amma babu wanda ya iya dafa wake kamarta daga nan har bakin iyaka."

Na ce uban fa?

"Jaki ne. Jaki mai kirki. Shekara arba'in da ɗaya tana haƙuri da shi."

Na rubuta duka. Na ji nauyin sa baiwar Allah ta yi gulmar maƙwabciyarta, na nemi gafara mini da ita.

Ta kawo abinci da rana. Na gode, na ce na ƙoshi. Na dama kunu a ɗaki.

Asabar, kafin Magariba

Amparo ce ke riƙe da makullin tsohon masallacin, ta hau da mu. Yana can ƙololuwar tudu, cikin kangon ganuwa, sai da na huta sau huɗu. Ɗan ƙarami ne, ginshiƙansa ba su yi kama da juna ba, kamar kowa ya kawo nasa daga gida. An mai da shi coci, daga baya aka bar shi haka. A kan hasumiyar akwai ƙararrawa, a kan ƙararrawar akwai sheƙar shamuwa, babu kowa ciki. Amparo ta ce sun tafi Afirka. Ni na zo, su sun tafi wajenmu.

Mihrabin yana nan. Na yi sallama, na dafa bangon, sai hawaye. Ban shirya musu ba.

Sai Ɗalhatu ya ɗora wayarsa a ƙasa ya ce alƙiblar ta karkata kudu sosai. Tun lokacin nake tunanin sallolin bayin Allah da suka rasu shekara dubu. Ya ce, "Yaya Safiya, su dai an gama nasu hisabin, ke ki ji da gwiwarki."

Daga sama ana ganin garin duka, jan rufi kan farin bango, da tuddan nan, da baƙaƙen dabbobin kamar an watsa ƙwayar kanumfari. Yau ma na manta tabarau.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan Azahar

Na nemi mai unguwa, babu. Amma akwai majalisa. Tsofaffi huɗu a kan benci a dandalin gari, gefen famfo, kowa da sanda da hula. Na ce wa Ɗalhatu ya rage muryar wayar, tambayar jini ba a yin ta da ƙarfi. Ya danna, ashe ƙarawa ya yi. Matar cikin wayar ta yi shela, dandali ya amsa: shin akwai hauka, ko sata, ko wata cuta a zuri'ar su Fermín? Tagogi suka fara buɗewa. Wata mata ta fito da kujerarta.

Uku daga cikin tsofaffin suka amsa bi da bi, tsaf, kamar yara suna biya hadda. Gidan mutunci ne. Ba su taɓa rigima da kowa ba. Kakansu ya kai shekara casa'in da tara da haƙoransa.

Na huɗun, wani siriri mai ido ɗaya a lumshe, ya buga sanda a ƙasa. Ya ce shi ba za a sa shi karatu ba. Shekara talatin ba ya magana da Anselmo, uban yaron, a kan itacen ɓaure da ke zubar da 'ya'ya a tsakar gidansa. Ya ce Anselmo yana leƙen hannun mutane a wasan domino. Ya ce yana minshari har ta bango. Na ce sata fa? Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce lokacin da matarsa ta yi jinyar ajali, wata bakwai, Anselmo ne ke kai ta asibitin birni a motarsa duk Talata, kuma ko a motar ba su yi wa juna magana ba.

Na tambayi sana'arsu. Duk huɗun suka kalli famfo.

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan Asuba

Na buɗe ƙofar da ba tawa ba.

Litinin, hantsi

Na wanke hijabin. Na wanke sallaya. Na wanke butar.

Litinin, bayan Azahar

Na sake wanke hijabin.

Litinin, bayan La'asar

Bari in rubuta. Igiyar shanya nake nema, na tura ƙofar da ke jikin ɗakina. Ɗaki ne mai duhu. Daga rufi har kusan kaina, sahu-sahu, cinyoyi ne a rataye, da kofatonsu, suna naso. Ɗaya ta taɓa mini goshi. Wannan karon da tabarau a idona.

Dabbar nan ce da aka haramta mana, wadda ko sunanta ba a kamawa a gidanmu. Bango ɗaya ne tsakaninsu da inda na yi salla kwana uku. Kuma na ce da ƙamshi. Da bakina na ce da ƙamshi. Astagfirullah.

Na sami Ɗalhatu a tsakar gida yana cin lemo. Na ce, "Ka san tumakin nan ba tumaki ba ne?"

"Tun a bas, Yaya Safiya."

Na zauna. Na ce to, sana'ar mai masauki ce, ba ruwanmu, mu baƙi ne. Allah dai ya rufa asiri da ba gidan su yaron nan ba ne.

Ya ajiye lemon. Ya kalli sama, ya kalli ƙasa. Ya ce, "Kin shiga kicin ɗinta?"

Na ce me zai kai ni?

"Hoton Khairunnisa ne a jikin firji. Da na Mubashir. Nan ne gidan. Matar da kika tambaya halin uwar yaro, ita ce uwar yaron. A nan mace ba ta ɗaukar sunan miji, shi ya sa ban gane ba da na kama ɗakin. Khalas, shi ke nan, na faɗa, in mutu in huta."

Na ce tun yaushe ya sani? Ya ce tun ranar Juma'a da ya je neman ruwan sanyi.

Talata, 14 ga Oktoba, hantsi

Ban fito ba. Dabino ya kusa ƙarewa.

Talata, bayan La'asar

Amparo ta ƙwanƙwasa da kanta, ta ƙwace wayar Ɗalhatu ta riƙe a bakinta kamar mai wa'azi. Ta ce in zo in ga wani abu. Kunya kamar ƙasa ta tsage, amma na bi ta.

A kicin ta buɗe wani kabad da makulli. Tukwane ne, da kasko, da wuƙa, da faranti shida, da katakon yanka. Ta ce tun da ɗanta ya musulunta ta saye su, babu abin da ke taɓa su sai abincinsa in ya zo. Ta ce duk abin da ta kawo mini kwana huɗu a cikinsu ta dafa, ina mayar mata, Anselmo yana cinyewa, har ya fara addu'a kada in tafi.

Na ce ta san da zuwana ke nan?

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Kwana uku kafin mu iso yarinyar nan ta gane, ta gaya wa Mubashir, ya kira gida. Garin duka sun sani. Har taro aka yi a kan wanda zai faɗi me. Cinyoyin nan a zaure suke rataye tun zamanin kakan Anselmo, nan masu saye ke zuwa. Anselmo shi kaɗai ya hau tsani ya sauke guda sittin ya kai ɗakin baya don kada idona ya gani, bayansa ya riƙe, shi ya sa ban gan shi ba, yana kwance a sama. Ta ce, "Na ce masa ba wannan ɗakin ba, jikin nata ne. Na gaya miki jaki ne."

Sai ta daina dariya. Ta ce ɗa ɗaya gare su. Sana'ar ta bi uba huɗu, a kansa ta tsaya. Ranar da ya ce ba zai karɓa ba, Anselmo ya fita bai dawo ba sai da rana ta faɗi. Ta ce, "Ban san addininku ba. Na san dai da yana kirana sau ɗaya a wata, yanzu kullum, wai an ce masa uwa ce gaba. 'Yarki ma tana kirana, tana koya mini sunayenku. Ki gaya wa babban naku abin da kika gani, duka. Kada ki rage don ni."

Ta zuba wake da alayyafo daga sabuwar tukunyar, da wainar ƙwai da dankali. Ta tsaya a kaina. Na ce a wajenmu surukai ba sa cin abinci a gaban juna. Ta ce madalla, ta juya mini baya ta fuskanci bango, ta ci gaba da surutu.

Na ci. Maganar waken gaskiya ce.

Alhamis, 16 ga Oktoba, hantsi, a bas

Rabin garin sun rako mu tasha. Anselmo ya sauko da sanda, dogo, a sunkuye, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Mai ido a lumshe ya kawo mini busasshen ɓaure a takarda, ya ce daga itacen rigimar ne, wanda ya faɗo ta gefensa, halalinsa ne.

Na zauna ta gefen da ba taga.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan Azahar, Hor Al Anz

Alhaji Babba ya kira. Ya ce yaya gidan? Na ce mutanen kirki ne. Maƙwabta? Na ce har wanda ba ya shiri da su ya shaide su. Jini? Na ce kakansu ya kai casa'in da tara. Ya ce, "Dabbobin fa, suna da yawa?" Na ce da yawa. Ya ce alhamdu lillahi.

Ban yi ƙarya ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, hantsi

Yarinyar nan tana ta yi mini hidima, shayi, man zafi a gwiwa. Ba ta tambaya ba, ban faɗa ba. Muna ta "sannu" da "yauwa" kamar baƙin juna a asibiti.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan La'asar

Alhaji Babba ya sake kira. Ya ce ya ba abokansa labari a masallaci, surukansa makiyaya ne a Turai. Ya ce in tambaya ko irin nasu suna jure zafi, yana so Mika'ilu ɗansa ya kawo biyu gonarsa ta Bichi, mace da namiji, a gwada.

Na ce ban tsammanin za su ji daɗin Bichi ba.

Ban yi ƙarya ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan Asuba

Ban yi ƙarya ba, amma na kasa haɗa ido da Alƙur'anina.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan Azahar

Muna tsinke zogale ta ce, "Umma, kin gani ko?"

Na ce na gani. Na ce, "Kiwo suke yi, ko?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban yi ƙarya ba, Umma."

Na ji kamar an mare ni da hannuna. Na ce daga wa ta koyi irin wannan magana? Ta ɗago ta dube ni kawai, don tana da tarbiyya.

Ta ce ta san in ta faɗa mini tun farko, zan faɗa wa Baba Alhaji a ranar, shi kuma zai ce a'a kafin ya ji sauran. So take wani ya je ya ga mutanen tukuna. Ta ce, "In Baba Alhaji ya ce a'a, ba zan tsallake maganarsa ba, kin san ni. Amma kada a kawo mini wani, Umma. Shekarata talatin da ɗaya, na san abin da nake so."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan La'asar

Mubashir ya zo gaisuwa da Ɗalhatu. Na tsaya bayan ƙofa, shi a waje, a tsugune, an koya masa. Ya gaishe ni da Hausa, "Ina wuni, Umma, yaya gajiya," sauran da Larabcinsa mai ɗingishi, Ɗalhatu yana cike gibi.

Ya ce laifinsa ne, shi ya kamata ya faɗa. Ya ce a ba shi lambar Alhaji, zai kira da kansa yau. Na ce a'a, ni aka aika.

Na yi masa tambaya ɗaya ta bayan ƙofar. Na ce ranar da mahaifinsa ya kasa, wa zai riƙe abin? Ya ce ya riga ya sa hannu ya bar wa ɗan baffansa, ba shi da komai a ciki sai itatuwan zaitun goma sha biyu na kakarsa. Ya ce shekara guda uban bai yi masa magana ba. Yanzu duk Lahadi yana kira ya zagi ƙungiyar ƙwallonsa, ya kashe.

Na ce Ɗalhatu ya miƙa masa kunun aya. Da suka tafi na ga ya wanke kofin a famfon waje ya kife a bakin ƙofa.

Talata, 28 ga Oktoba, hantsi

Alhaji Babba ya kira, karo na uku tun dawowata. Wai Mika'ilu ya fara gyara garke.

Laraba, 29 ga Oktoba, kafin Magariba

Alhaji Babba, yanzu da kai nake.

Aladu ne. Aladu suke kiwo, su yanka, su shanya cinyoyin da gishiri, su sayar. Uba huɗu suna yi. Na rubuta, hannuna bai karye ba. Ka ce wa Mika'ilu ya dakata.

Na san tun ranar sha uku ga wata, na bar ka kana murna har a masallaci. Wannan laifina ne, ba na yarinyar nan ba, ba na Ɗalhatu ba. Ka yafe mini. Kuma binciken bai ɓoyu ba, har kujera aka fito da ita.

Ka aike ni in gani, ba ka aike ni in yanke ba, kuma ban taɓa sa baki a maganar da take taka ba. Amma tunda ka karanta har nan, ka riga ka san inda zuciyata ta karkata, ɓoyewa yanzu wata ƙaryar ce. Sana'ar ba ta da kyau, yaron kuwa ya bar ta tun kafin ya san 'yarka, ya kuma biya abin da barin ya ci masa. Mutanen gidan, in da a Kano na same su, da na ce a ba su. Uban yana leƙe a domino, wannan ma ka sa a ma'auni, na yi alkawarin ba zan rage komai ba.

In faɗa za ka yi, ka kira ni ni kaɗai, bayan Azahar tana wajen aiki. Zan saurara har ka gama. In kuma abokanka na masallaci ne damuwar, ka ce musu surukan suna da zaitun. Goma sha biyu ne, amma kada ka bi hanyata, in sun tambayi sauran ka faɗa musu.

Duk abin da ka yanke za mu bi. Sai dai ka taimaka ka ba ni amsa da wuri, kafin Juma'a in da hali. Yarinyar nan kwana huɗu ba ta cin abincin kirki, tana zaune a falo yanzu haka, ta san abin da nake rubutawa, kuma duk sanda waya ta yi ƙara sai mu miƙe tare.

Safiya